Kwanar da Ke Ba Direba Zaɓi: Daga Titunan Kuala Lumpur Zuwa Filayen Tseren Amurka

Daga ranar 7 zuwa 9 ga Agustan 2015, hukumomin Kuala Lumpur sun rufe wasu manyan titunan tsakiyar birnin, ciki har da Jalan Ampang da Jalan Sultan Ismail da Jalan P. Ramlee, aka jera shingayen kankare a gefensu, aka mayar da su filin tseren mota mai tsawon kilomita uku da ɗoriya. Duk wannan ya faru ne a bakin ƙofar Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da aka kafa a hukumance tun 1900, wadda kogin Klang da babbar hanyar sama ne kawai suka raba gidajenta na katako da tagwayen hasumiyoyin Petronas. Cikin motocin da suka fi jan hankali a taron akwai guda biyar daga gasar V8 Supercars ta Ostireliya, ɗauke da sunayen Ford da Holden da Nissan da Volvo da Mercedes. Siffarsu ta motar gida ce, injinsu mai silinda takwas ne, nauyinsu kuma ya sa sun fi kusa da motocin gasar NASCAR ta Amurka a kan siraran motocin Formula 1. An so su dawo a 2016 a matsayin cikakken zagaye na gasarsu, amma shari'a tsakanin masu shirya taron ta sa aka soke, ba a kuma sake yi ba.

Maleshiya ba ta da filin tsere mai siffar ƙwai irin na NASCAR, wanda kwanoninsa ke jirkice, gefen waje ya ɗara na ciki tsawo. Wanda ya ga yadda manyan motoci ke bin juna sahu-sahu a ƙuntataccen titin birni, kowace tana jiran ta gabanta ta yi kuskure, yana iya cewa maganin abin shi ne a gina irin wancan fili, a ɗaga kwanarsa sama iya ɗagawa. Tarihin filayen Amurka na shekara 70 da wani abu bai goyi bayan wannan tunani ba. Yawan digirin karkata gudu kawai yake ƙarawa. Abin da ke gyara tsere shi ne kwanar ta buɗe wa direbobi hanya fiye da ɗaya mai riba, ta kuma tilasta musu ɗaga ƙafa daga totur, domin a wannan ɗaga ƙafar ne gwani ke bambanta da wanda bai kai shi ba. Karkata tana iya kawo waɗannan abubuwa biyu, tana kuma iya kashe su, gwargwadon yadda aka yi amfani da ita.

Yadda karkata ke aiki

Mota mai gudu so take ta miƙe. Idan za ta sha kwana, dole wani ƙarfi ya tura ta wajen ciki. A kan shimfiɗaɗɗen titi, riƙon da taya ke yi wa kwalta ne kaɗai ke wannan aiki, shi ya sa da gudu ya fi ƙarfin riƙon sai motar ta sulale waje. Ɗan acaɓa ya san wannan ko bai shiga aji ba, domin idan zai zagaya shataletale yakan kwantar da babur da jikinsa wajen ciki. Mota ba ta iya kwanciya haka, sai injiniya ya kwantar mata da titin. Idan titin ya karkata, ƙasar da kanta tana tura motar wajen ciki, sannan ƙarfin da ke neman jefa ta waje yana komawa ya danna ta a kan kwalta, tayoyin su ƙara kama ƙasa.

Lissafin ya nuna girman abin. Kwanonin filin Daytona a jihar Florida suna da karkatar digiri 31, kuma daga tsakiyar da'irarsu zuwa titin kimanin mita 300 ne. A irin wannan kwana, mota mai gudun kusan kilomita 150 a sa'a za ta zagaya ba tare da ta nemi taimakon riƙon taya ba sam. Idan aka haɗa da riƙon taya mai kyau, iyakar gudun da kwanar za ta ɗauka ya kusan ninka wanda za ta ɗauka da a shimfiɗe take. Akwai kuma wani lissafin da ya fi wannan muhimmanci ga ingancin tsere. A kwanar da ke juya mota gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, duk wanda ya bi ta nisan mita 10 daga gefen ciki ya ƙara wa kansa tafiyar mita 31. A gudun kilomita 180 a sa'a wannan ya haura rabin daƙiƙa, kuma sau biyu ake shan irin wannan kwana a kowane zagaye. A gasar da tazarar motoci ba ta kai daƙiƙa guda ba, ba wanda zai yarda ya biya wannan farashi sai in layin waje ya rama masa da ƙarin gudu. Duk gardamar ƙirar fili a kan wannan ramuwar take.

Inda karkata ta yi yawa, da inda ta yi kaɗan

Bill France, wanda ya kafa NASCAR, ya buɗe Daytona a 1959, sannan Talladega a jihar Alabama a 1969, mai tsawon kilomita 4.28 da karkatar digiri 33. Tun tseren farko a Talladega matsala ta bayyana, domin tayoyi sun kasa jure gudun, manyan direbobi ƙarƙashin jagorancin Richard Petty suka ƙaurace wa gasar. A 1987 Bill Elliott ya zagaya filin da matsakaicin gudun kilomita 342 a sa'a, tarihin da har yau ba a karya ba a gasar. Kwanaki kaɗan bayan haka tayar Bobby Allison ta fashe, motarsa ta tashi sama ta yage wayar da ke kare 'yan kallo, wasu suka ji rauni. Daga 1988 NASCAR ta tilasta sanya wani faranti mai huji huɗu a ƙarƙashin kafireta don rage iskar da ke shiga inji a waɗannan filaye biyu, kuma ko da aka sauya na'urar a 2019, manufar rage ƙarfin inji tana nan.

Sakamakon haka shi ne kwanar ta fi ƙarfin motar. Direba yana iya danna totur har ƙasa ya yi zagaye bayan zagaye bai taɓa birki ba. Tunda kowa haka yake yi, ba mai iya tserewa, sai motoci kusan 40 su dunƙule wuri ɗaya, kowace tana laɓewa a bayan ta gabanta don gudun tirjiyar iska. Alƙaluma a nan sukan ruɗi mutum. A tseren Talladega na Afrilun 2010 an canza jagora sau 88, wanda ke nuna kamar ba a taɓa tsere mai daɗinsa ba. Amma mafi yawan wannan canji turin na baya ne ya kawo shi, ba dabarar na gaba a kwana ba. Kuma idan mota ɗaya ta kauce a cikin wannan cunkoso, sai ta kwashi na kusa da ita, kamar yadda ya faru a Oktoban 2024 a filin, inda haɗari guda ya rutsa da motoci 28. Akwai gwaninta a irin wannan tsere, ta karanta iska da sanin wanda za a bi, sai dai rabon sa'a a cikinsa ya fi na kowane fili yawa.

A ɗaya ɓangaren akwai Martinsville a jihar Virginia, fili mafi gajarta a babbar gasar NASCAR, mita 847 kacal, karkatarsa digiri 12. Tun 1947 ake tsere a cikinsa. Layi ɗaya ne mai riba a kwanarsa, na can ciki kusa da dakali, amma duk da haka ya daɗe cikin filayen da masoya wasan suka fi ƙauna. Dalili shi ne ana taka birki sosai sau biyu a kowane zagaye, gudun bai kai wanda iska za ta yi tasiri ba, don haka na baya yana iya manne wa na gaba, ya jinkirta birki ya kutsa ta ciki, ko ya ɗan zungure shi ya kauce. Filin Indianapolis kuwa, mai karkatar digiri 9 da 'yan kai, ya haɗa illolin biyu ga manyan motoci. Yana da tsawon kilomita huɗu, ana shiga kwanarsa da mugun gudu, layinsa ɗaya ne, iskar da motar gaba ta birkita kuma tana rage wa ta baya riƙo. NASCAR ta fara zuwa can a 1994 da ɗimbin jama'a, amma sannu a hankali rumfuna suka dinga yin fayau, musamman bayan tseren 2008 da tayoyi suka riƙa cinyewa cikin zagaye kusan goma. Idan aka jera Talladega da Martinsville da Indianapolis, za a ga adadin digiri shi kaɗai bai bayyana komai ba. Na tsakiya a karkata ba shi ne na tsakiya a daɗi ba.

Karkata mai hawa-hawa

Dabarar da ta fi kusa da warware matsalar ita ce a sa karkatar ta riƙa ƙaruwa daga ciki zuwa waje. Filin Homestead kusa da Miami shi ne babban misali. An buɗe shi a 1995 da kwana huɗu irin na Indianapolis, bai yi armashi ba. Aka mayar da shi siffar ƙwai a 1997 da karkatar digiri 6, motoci suka ci gaba da bin sahu. A 2003 aka sake gina kwanonin, layin ciki digiri 18, na can waje digiri 20. Bambancin digiri biyu kawai, amma ya isa ya rama wa mai bin waje nisan da ya ƙara. Tun daga lokacin ake ganin wani ya bi ta ƙasa ya gajarta hanya, wani ya bi tsakiya, wani kuma irin su Kyle Larson da Tyler Reddick ya hau can sama har gefen motarsa na neman gogar katanga, ya fito kwana da gudun da zai riski na ƙasa a miƙaƙƙen titi. Filin ya karɓi tseren rufe kakar wasa daga 2002 zuwa 2019. Filin Las Vegas ya bi wannan hanya a 2006, na Kansas kuma a 2012 da karkatar digiri 17 zuwa 20, kuma a 'yan shekarun nan Kansas na cikin filayen da ake yaba tserensu.

Amfanin layi da yawa ya wuce samun wurin ratsawa. Motar tsere tana buƙatar iska mai tsabta ta bugi gabanta ta danna ta ƙasa. Wanda ke bin wata mota daf da daf yana rasa wannan iska, gabansa ya ƙi juyawa. Idan layi ɗaya ne, ba shi da yadda zai yi sai haƙuri. Idan akwai na biyu da na uku, sai ya kauce ya nemi iskarsa. Haka kuma layin da ke da riba yana sauyawa cikin tseren, saboda baƙin roba da tayoyi ke shafawa a kwalta da zafin rana da nauyin man da ke raguwa a tanki. Direban da ya riga kowa gano inda riƙo ya koma shi ne ke cin riba, wannan kuwa aikin kai ne da hannu, ba na sa'a ba.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce Bristol a jihar Tennessee, kuma hujja ce mai nauyi. Ƙaramin fili ne mai tsawon mita 858, daɓensa kankare, karkatarsa mai tsanani wadda aka daɗe ana tallata ta a matsayin digiri 36. Layi ɗaya ne a cikinsa, kuma hanyar wucewa ita ce a ture mutum, kamar yadda Dale Earnhardt ya juya motar Terry Labonte a zagayen ƙarshe a 1999 ya lashe tseren. A 2007 aka sake daɓen da karkata mai hawa-hawa, motoci suka fara tafiya biyu-biyu har uku-uku ba tare da sun taɓa juna ba. Direbobi suka ji daɗi, 'yan kallo da yawa suka yi fushi. Filin da ya sayar da tikitinsa kaf a tsere 55 a jere ya fara samun kujeru ba kowa a 2010, kuma a 2012 mai filin, Bruton Smith, ya sa aka kankare layin sama don a dawo da tsohon yayi. Masu ja suna cewa ga shi nan an ba da zaɓi, jama'a sun ƙi. Amsar tana da fuska biyu. Raguwar 'yan kallo a shekarun nan ta shafi kusan duk filayen gasar bayan karyewar tattalin arzikin 2008, ba Bristol kaɗai ba. Ta biyu kuma, abin da mutanen Bristol suka yi kewa shi ne rikici da fushin direbobi, wanda wani nau'in nishaɗi ne dabam da gwajin gwaninta. A ƙaramin fili da ake gudu kaɗan, turi yana iya maye gurbin layi na biyu ba tare da an rasa rai ba. A babban fili da ake gudun kilomita 290, ba mai hankalin da zai gina tsere a kan turi. Abin da Bristol ya koyar shi ne kowane tsawon fili da irin karkatar da ta dace da shi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, wato cewa taya da kwalta da ƙirar mota sun fi karkata tasiri. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Filin Fontana a California, mai karkatar digiri 14, ya shekara da shekaru ana kiransa mai gundura, amma da kwaltarsa ta 1997 ta tsufa ta yi kaushi tana cin taya, sai ya koma wurin da motoci ke bazuwa layi huɗu ko biyar, har zuwa tserensa na ƙarshe a 2023. A Bristol ma, a Maris na 2024, tayoyi sun riƙa cinyewa da sauri fiye da yadda kowa ya zata, aka canza jagora sau 54, abin da filin bai taɓa gani ba, ba tare da an taɓa ko digiri ɗaya na kwanarsa ba. Sabuwar motar da NASCAR ta fito da ita a 2022 kuma ta gyara tsere a matsakaitan filaye, ta dagula shi a ƙananan irin Martinsville, saboda faɗin tayarta da ƙarfin birkinta sun rage kuskuren da direba zai iya yi. Duk wannan gaskiya ne, amma yana ƙarfafa maganar ne maimakon ya rushe ta. Abin da cinyewar taya ke yi shi ne ta tilasta wa direba ɗaga ƙafa, ta kuma kore shi daga layi guda zuwa wani. Idan kwanar ba ta da wani layin da za a koma, cinyewar taya ba za ta haifar da shi ba, kamar yadda Indianapolis ya nuna a 2008. Taya ana sauya ta kowace kaka, ƙirar mota kowane 'yan shekaru, kwana kuwa in aka zuba ta sai ta yi shekara 20 ko fiye. Filin Texas ya ɗanɗana wannan. A 2017 aka rage karkatar kwanarsa ta farko da ta biyu daga digiri 24 zuwa 20, aka faɗaɗa su, da fatan samun layi da yawa. Faɗin ya samu, amma layin waje bai rama nisansa ba, kowa ya taru a ƙasa, sinadarin ƙara riƙo da aka shafa a sama ma ya bar tabo mai santsi. Faɗi ba tare da ramuwa ba kwalta ce kawai aka ɓata.

Hujja ta uku ita ce filin Atlanta. A 2022 aka ɗaga karkatarsa daga digiri 24 zuwa 28, aka ƙuntata kwanoninsa, aka rage ƙarfin inji kamar na Daytona. Direbobi da dama sun soki matakin. Sai ga shi a Fabrairun 2024 motoci uku sun tsallake layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, Daniel Suárez ya riga Ryan Blaney da kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Wa zai ce wannan ba tsere ba ne? Ba mai musun ya ƙayatar. Sai dai waɗanda ke bin filin sun lura cewa tserensa ya ƙara kyau ne yayin da sabuwar kwaltar ta fara tsufa, motoci suka fara zamewa, direbobi suka fara sassauta totur a kwana. Wato ya gyaru ne gwargwadon yadda ya nisanta daga Talladega. Ƙarshen da ya fi shi kusa ma an yi shi tun 2003 a Darlington, inda Ricky Craven ya riga Kurt Busch da kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, a filin da aka gina a 1950 da kwanoni marasa daidaito, gefe guda digiri 25, ɗayan 23 kuma ya fi matsi, saboda mai gonar ya ce kada a taɓa masa tafkin kifinsa. Babu motar da za a saita ta dace da gefe biyun lokaci guda, dole direba ya cike giɓin da hannunsa.

Darasin da ke gida a Maleshiya

Maleshiya ta riga ta gwada wannan ilimi ta ɗaya fuskar. Filin Sepang da ke kudu da Kuala Lumpur, wanda Hermann Tilke ya zana, mai tsawon kilomita 5.543 da kwana 15, ya karɓi Formula 1 daga 1999 zuwa 2017. A 2016 aka sake masa kwalta ƙarƙashin kamfanin Dromo na Italiya, aka gyara karkatar kwanoni da dama don ruwan sama ya riƙa zurarewa. A kwana ta ƙarshe aka ɗaga gefen ciki da kusan mita guda, titin ya koma yana gangarawa waje, akasin yadda ake yi a filayen Amurka. Manufar ita ce layin ciki ya daina zama tilas, direba ya yi shawara tsakanin gajeriyar hanya mai ƙarancin riƙo da doguwa mai sauƙin fita. Wannan kamfani dai shi ne ya zana wa filin Zandvoort na Holan kwanoni biyu masu karkatar digiri 18 da 19 kafin dawowar Formula 1 a 2021, ɗaya daga cikinsu mai hawa-hawa, inda ake ganin wasu na bi ta sama wasu ta ƙasa. Masu zane ɗaya sun karkatar da kwana waje a Sepang, sun karkatar da ita ciki a Zandvoort, don biyan buƙata guda.

Titin birni kuwa ba don wannan aka yi shi ba. Injiniyan hanya yakan ɗan ɗaga tsakiyar titi da digiri ɗaya ko biyu don ruwa ya gangara kwata, musamman a gari mai yawan ruwan sama irin Kuala Lumpur. Motar da ta shiga mahaɗar titi tana hawa tudun nan ta sauka, rabin kwanar na taimakonta rabi na ture ta waje, ga shinge dama da hagu. Layi ɗaya ne ke da tsabta da riƙo, wanda ya bar shi ya shiga ƙura da ɓurɓushin roba. Tseren titi yana da abin da yake sayarwa, wato kusanci da jama'a da hoton gari a talabijin, amma ga motoci masu nauyi wurin wucewa kaɗan ne.

Malayawa kuma sun san kwana mai karkata ta hanyar keke. Filin tseren keke na ƙasa da aka buɗe a Nilai a 2017 zagayensa mita 250 ne, kuma irin waɗannan filaye karkatarsu kan haura digiri 40. Azizulhasni Awang, ɗan Dungun a jihar Terengganu, ya zama zakaran duniya a tseren keirin a Hong Kong a 2017, ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio da azurfa a ta Tokyo. Mai keke yakan hau can saman kwana ya ajiye tsawo, sannan ya gangaro ya mayar da tsawon nan gudu a daidai lokacin da abokin karawarsa bai shirya ba. Wannan shi ne amfanin karkata a mafi tsabtar siffarsa, kayan aiki a hannun ɗan wasa, ba igiyar da ke jan kowa a sahu ɗaya ba.

Ga ƙasar da ke tunanin ginawa

Waɗanda suka kwaikwayi girman Amurka ba su ji da daɗi ba. Calder Park Thunderdome da Bob Jane ya gina kusa da Melbourne a 1987, mai karkatar digiri 24, ya yi tashe na 'yan shekaru sannan gasarsa ta mutu. Rockingham a Ingila an buɗe shi a 2001 aka rufe a 2018. Filin Phakisa a Welkom ta Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 1999, yana da zagaye mai siffar ƙwai da kusan ba a yi amfani da shi ba, in ban da wani tseren motocin Amurka a 2010. Babban fili mai tsananin karkata yana buƙatar motoci masu tsadar gaske da katanga mai shanye duka da tayoyi na musamman, kuma ba a tsere a kansa cikin ruwan sama, wanda babbar matsala ce a ƙasar da hadari kan haɗu da la'asar a yawancin watanni.

Ƙishirwar gudu kuwa akwai ta. Tun da aka rufe filin Batu Tiga a Shah Alam a 2003 aka gina gidaje a wurin, matasan yankin Kuala Lumpur suka rasa fili mafi kusa da su, kuma matsalar masu tseren babur na dare da ake kira mat rempit ta kai ga a 2016 ministan yankunan tarayya na lokacin, Tengku Adnan Tengku Mansor, ya kawo shawarar a riƙa rufe musu wasu titunan birnin su yi tsere bisa ƙa'ida, shawarar da ta sha suka. Mazauna Kano da Kaduna da Abuja ma sun san wasan ganganci da mota da samari kan yi a kan titi, musamman lokacin biki. Abin da shaidun nan suka nuna zai amfani irin waɗannan garuruwa shi ne gajeren fili da bai kai kilomita guda ba, mai matsakaiciyar karkata da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan zuwa waje, mai faɗin da zai ɗauki mota uku, da kwalta mai ɗan kaushi. Irinsa yana da arha, ɗan kallo yana ganin zagayen duka daga mazauninsa, motar gida da aka ƙarfafa da ƙarfen kariya tana iya shiga, haɗarinsa kuma ba na gudun kilomita 300 ba ne. Duk hukuma ko attajirin da mai zane ya kawo wa takarda yana alfahari da yawan digiri, abin da ya kamata ya nema shi ne lissafin lokacin zagaye ta layin ciki da ta layin waje, da kuma inda direba zai taka birki. Idan lokutan biyu sun yi kusa da juna kuma akwai wurin birki, filin zai yi tsere. Idan babu, kuɗin da za a zuba zai sayi gudu ne kawai.